Ni Na Ɓoye Masa Maganin

Da hannuna na karɓe robar maganin ƙanina na kulle a akwati, kuma a lokacin gani nake ceton ransa nake yi.

Sai da tarin fuka ya ci jikinsa sannan aka gano yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙwayoyin CD4 ɗinsa ba su kai 50 ba, alhali na mai lafiya kan haura 500. Aka fara masa maganin tari, ya ɗan murmure, sannan aka ɗora shi kan maganin cuta mai karya garkuwar, ƙwayar nan ta kullum. Ba a jima ba zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta tasa a wuyansa, ta yi tauri, ko waiwaye ba ya yi sai ya juyo da dukan jiki. Ya ce, "Yaya, anya ba maganin nan ke ƙarasa ni ba?" Na ce ai bai karɓe ka ba. Na mayar da shi kan jiƙo, ban tambayi kowa ba.

Da jiki ya ƙi muka koma asibiti. Likita ta dubi katinsa, ta dube ni: "Malam, wa ya ce ku daina?" Na sunkuyar da kai.

Ashe garkuwarsa ce ta fara farfaɗowa. Kamar maigadi ne da ya farka ya tarar ɓarayi sun cika gida, ya hau duka har yana fasa tukwane. Likitoci na kiran wannan IRIS, kuma ya fi samun wanda ya makara bai fara magani ba, yawanci a watannin farko. Ba a cika dakatar da magani saboda shi ba. Prednisolone ake ƙarawa ya kwantar da kumburin. Inda ya fi haɗari shi ne ƙwaƙwalwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai sanƙarau na kiriftokokus a jinkirta fara masa ƙwayar ta kullum da mako 4 zuwa 6.

Abin da ya fi ci mini rai, tsaikon da na jawo ya ba ƙwayar cutar damar sake yaɗuwa, irin tsaikon da kan sa ta bijire wa magani. An mayar da shi kan maganin, kumburin ya sace a hankali.

Idan naka ya fara magani jiki ya rikice, ka kai shi wurin waɗanda suka ba shi a ranar, ka tafi da robar maganin su gani.