Haƙorin Ƙurya da Iyakar Haƙuri

Mu da muka ga jiya muka ga yau a Madekali, an raine mu a kan cewa namiji ba ya raki da ciwon haƙori. Saurayi ya ɗaure haɓa da ƙyalle ya nufi fadamar shinkafa, a ce ya yi jarumta. Shekaru sun nuna mini wannan jarumta ta cuci mutane da yawa.

Haƙoran babban mutum 32 ne. Huɗu na can ƙuryar baki su ne 'yan auta, galibi sai tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa, bayan sauran sun cinye wuri. Idan muƙamuƙi bai wadata ba, sai haƙorin ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran. Ƙarƙashin wannan fatar ƙwayar shinkafa da zaren nama ke maƙalewa, inda asuwaki ba ya kaiwa, su ruɓe, wurin ya kumbura. Ba tsutsa ba ce, ba kuma jifa ba.

In zogi ne kaɗai, akwai abin yi a gida. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a riƙa kurkure baki bayan kowane abinci. A danne kanumfari kusa da wurin, yana kashe zafi na ɗan lokaci. A sha farasitamol bisa ƙa'ida, a koma kunu da fura. Amma 'ya'yana, ku ji tsoron Allah ku bar ɗiga ruwan batir ko fetur, ku bar danna asfirin a dasashi. Ƙona nama suke yi. Kafson 'yan talla na ranar kasuwar Malanbil ma ba a shan sa da ka.

Na ga ɗan maƙwabcina a lokacin cirar albasa yana cije wa ciwo, wai kada aiki ya tsaya. Kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi ya rufe shi, baki ya ƙi buɗuwa, har cokalin kunu sai an lallaɓa ta gefe. Da dare aka ɗora shi a babur zuwa asibitin Malanbil. Aka fitar da mugunya, daga baya aka cire haƙorin. Ya tashi, amma kuɗin albasar duk sun tafi a jinya.

Waɗannan alamu, da wahalar haɗiyar yawu ko numfashi, ba sa jiran wayewar gari, domin kumburin yana iya toshe maƙogwaro. Ko da an tura ka Kandi ko Paraku don hoto da likitan haƙori, ka tafi.

Iyaye, in kun ga yaro yana tauna ta gefe ɗaya, ku sa ya buɗe baki, ku haska tocila ku duba. Haƙuri na abin da ba shi da magani ne, wannan kuwa Allah ya saukar da maganinsa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.