Motar Baba da kafiretar da ta gagare ni

Duk wanda ya saba bi ta layinmu a Agege ya san motar nan da ke lulluɓe da tamfol a ƙofar gidanmu, wadda yara suka mayar wurin ɓuya. Peugeot 504 ce, fara, Baba ya saye ta sabuwa dal a 1982 da kuɗin goro, lokacin yana ɗauko kaya daga Shagamu yana turawa Kano. A cikinta muke tafiya gida duk babbar sallah, mu shida da kaya har kan rufi. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da ta taka titi.

A farkon 2023 na yi wa Baba alkawarin zan tayar da ita. Na kuma ɗaura wa kaina wani sharaɗi da babu wanda ya ɗora mini: ba zan sa mata komai ba sai na asali, irin wanda ta fito da shi daga kamfani. A lokacin gani nake abu ne mai sauƙi. Ai Fijo motar gida ce. Tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, kuma ko da Faransa ta daina ƙera wannan samfurin a 1983, mu nan an ci gaba da haɗa shi har wajen 2006. Motar gwamnati ce, motar haya ce, motar ɗaukar amarya ce. Na ɗauka kayanta sai dai in zaɓa in darje.

Ranar da na fara shiga kasuwar Ladipo na gane kuskurena. Layi bayan layi kayan Toyota ne da Honda. Sai da aka yi ta nuna ni daga wannan zuwa wancan kafin na isa wurin wani dattijo da har yanzu yake ajiye kayan Fijo a can ƙuryar shagonsa. Yana da kafireta ƙirar Solex, sabuwa a kwalinta, kwalin har ya yi ja don daɗewa. Ya faɗi kuɗi, na ga ya yi yawa, na ce zan dawo ƙarshen wata.

Ƙarshen watan nan shi ya cuce ni. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin watan Maris na 2024. Da na koma, kuɗin ya ninka. Na ce masa, "Oga, ai wannan kayan tun kafin dala ta tashi yake nan." Ya yi dariya ya ce idan ya sayar mini a tsohon farashi, da me zai sayo wata, in ma akwai watan? Na yi fushi na tafi. Zuwana na uku, babu ita. Wani ya saya ya aika waje.

Ashe ba dala kaɗai ba ce. Bakanikenmu, wanda tun yana yaron gareji yake taɓa motar nan, shi ya warware mini sauran. Kamfani ya daina yin kayan, don haka duk wanda aka sayar ya tafi ke nan. Tsofaffin motocin da a da ake ciro kaya a jikinsu kuma 'yan jari-bola sun sassare su, an auna a kilo an kai narkarwa, har da fitilu da bamba da ƙaramin zakin nan na gaba. Sannan ga Turawa masu tara tsofaffin motoci, su ma abin da nake nema suke nema, kuma da yuro suke biya. Ni da nake karɓar albashi a naira, ina zan kama su?

Na aika Panteka a Kaduna, na aika Kofar Ruwa a Kano. An samo mini lagireto da fitila guda ɗaya, ta hagu. Wani kuma da aka haɗa ni da shi ta waya ya turo mini kafireta ya rantse ta asali ce. Da bakanike ya kwance ta, tsohuwa ce aka wanke aka fesa mata fenti. Kuɗin nan har yau ban gaya wa maiɗakina nawa ba ne.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne maganar da Baba ya yi mini makon jiya. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, masallaci ma sai an riƙe shi. Ina yi masa bayanin bambancin ta asali da ta Caina, ya katse ni ya ce, "Kai, ni ƙarar injinta nake so in ji. Wa zai buɗe bonet ya duba?" Na rasa abin cewa. Shekara biyu ina gardama da 'yan kasuwa a kan abin da shi mai motar bai dame shi ba.

Jiya na sayi ta Caina. Bakanike ya ce za ta yi aiki, sai dai za ta fi shan mai, kuma sai an riƙa saita ta. Raina bai so ba, ba zan ɓoye muku ba, amma ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu ɗaura ta.

Fitilar dama ce har yanzu babu. Don Allah duk wanda yake da tsohuwar 504 a ajiye a gida, nan ko can Arewa, kada ya yi saurin kiran masu kilo. Ya neme ni bayan taronmu na wata, mu yi magana.