Abin da Mawaƙan Baƙin Ciki Suka Koya Mini

Na daɗe ina sauraren wasu mawaƙan Turawa da ba a rawa da waƙarsu: mutum ɗaya, jita ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Abokaina kan ce wai kuɗin data nake kashewa in sayo wa kaina damuwa. Ban musa ba, amma ga abin da na tsinta.

1. Ba kullum mai baƙin ciki ke neman lallashi ba. Da na yi rashi, kowa ya zo da "sai haƙuri", kuma na gode. Amma in dare ya raba, abin da nake kunnawa shi ne *Carrie & Lowell*, kundin da Sufjan Stevens ɗan Amurka ya fitar a 2015 kan mahaifiyarsa da ta rasu a 2012. Matar ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami, ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Bai wanke ta ba, bai kuma zage ta ba. Kundin ya zame mini kamar mutumin da ke zuwa zaman makoki, ya samu gefen tabarma ya zauna, bai ce uffan ba, amma in ya tashi sai ka ji wurin ya yi faɗi.

2. Ƙarancin kaya ba ƙarancin gwaninta ba ne. Nick Drake ɗan Ingila ya naɗi *Pink Moon* cikin dare biyu, aka fitar a 1972. Bai kai rabin awa ba, daga shi sai jitarsa, sai ɗan fiyano a waƙa guda. Na ce wannan ai ko ni. Na sayi jita. Ashe mutumin sake ɗaurin tsirkiyoyin yake yi yadda ya ga dama, ga yatsu da ba sa kuskure. Yatsuna suka yi kanta, maƙwabta suka yi haƙuri. Jitar tana nan rataye, ƙura ta samu wurin kwana.

3. Son abin da ba kowa ya sani ba, shi ma girman kai ne. Drake ya mutu a 1974 yana ɗan shekara 26, ba tare da kundayensa sun yi kasuwa ba. Sai a 1999 da Volkswagen ta sa waƙarsa a tallar mota jama'a suka yi caa a kansa. Ranar da na ji wannan labari, haushi na ji, wai an ɓata mini mawaƙi, alhali ni ma albarkacin wannan farfaɗowar na san shi.

4. Kada ka yi sha'awar ciwon wani. Wannan ya fi ɗaukar mini lokaci. Labarin Justin Vernon daɗin ji gare shi: ƙungiyarsa ta watse, soyayya ta mutu, ga rashin lafiya, ya shige bukkar farautar mahaifinsa a Wisconsin cikin hunturu, ya fito da *For Emma, Forever Ago* a 2007. Sai na ɗauka ƙunci ne ke haifar da waƙa. To, amma ciwon damuwar da Drake ya yi fama da shi bai ƙara masa komai ba. Mayar da shi gidan iyayensa ya yi, magana ma ta zama aiki. Elliott Smith, wanda ya tsaya cikin fararen kaya a bikin Oscar na 1998 ya rera "Miss Misery", ya rasu a 2003 yana da shekara 34 bayan dogon fama da ƙwayoyi. Waƙoƙin da muke yabo, ƙwace su suka yi daga hannun ciwon, ba kyautarsa ba ce.

Mai karatu, in za ka gwada, fara da *Pink Moon*. In kuma waƙa ta ƙare nauyin ƙirjin bai sauka ba, cire abin kunnen, ka nemi ɗan'uwa ko likita ka faɗa masa.