Roƙo Ɗaya, Baki Dubu

Duk kamfanin da ke ƙera wasannin kwamfuta ya san wannan ciwon kai. Yau ɗan wasa ya kawo shawara cike da zumuɗi, gobe wani ya kawo irinta, jibi ma haka, kowa yana ganin shi ya fara tunaninta. Ma'aikatan da ke karanta saƙonnin sai su ƙosa, shawara mai amfani kuma ta nutse a cikin tarin maimaici.

Mojang, kamfanin birnin Stockholm da ya ƙera Minecraft, ya sha fama da wannan. Wasan da aka sayar da kwafinsa sama da miliyan 300 zuwa 2023, ai dole roƙo ya yi ta karo da ɗan'uwansa. Sai suka fitar da jerin shawarwarin da aka riga aka duba aka ƙi, irin su bindigogi da rabin bulo mai tsayawa a tsaye, wanda masu gine-gine a wasan suka yi shekara da shekaru suna nema. Ba kowa ne ya gamsu ba, amma aƙalla sabon shiga yana iya dubawa kafin ya wahalar da kansa.

Inda abin ya fi tsari shi ne wurin kamfanin Jagex na Cambridge a Ingila, mai wasan RuneScape. 'Yan wasan RuneScape sun daɗe suna naci a dawo musu da tsohon wasan da suka saba. A Fabrairun 2013 kamfanin ya ce to, a kaɗa ƙuri'a. Kusan mutum dubu 450 suka amsa, aka farfaɗo da wasan yadda yake a 2007, da sunan Old School RuneScape. Tun daga nan aka kafa doka: babban sabon abu ba ya shiga sai kashi 75 cikin ɗari na masu zaɓe sun yarda. Rumfar zaɓen ma a cikin wasan take, a bankunan da ake ajiyar kaya. Ɗan wasa ya ajiye takobinsa, ya matsa gefe, ya danna i ko a'a, ya koma farauta.

Maganar ƙara tuƙa jirgin ruwa a wasan ta nuna amfanin haka. An kai ta zaɓe a 2015 ta faɗi. Masu sonta ba su haƙura ba, sai dai yanzu sun san ƙarfinsu, sun kuma san tazarar da ta rage musu. A 2022 aka sauko da ma'aunin zuwa kashi 70, a 2023 ta tsallake da ƙyar, da kusan kashi 72, wato da tsohuwar doka ake kai da ta sake faɗuwa. A Nuwamban 2025 jiragen suka shiga ruwa. Shekara goma ke nan ana jan magana ɗaya, amma a kowane mataki kowa ya san inda aka kwana.

Kamfanin Blizzard kuwa kunnen uwar shegu ya fara yi. A 2013 wani jami'insa, J. Allen Brack, ya gaya wa masu neman tsohon World of Warcraft cewa suna zaton suna so ne kawai. Roƙon bai lafa ba, ƙaruwa ya yi, har kamfanin ya fitar da wasan a Agustan 2019, aka yi ta dogon layi wajen shiga.

Share saƙon da aka maimaita aiki ne mai sauƙi, kuma wani lokaci ya zama dole. Amma mutum ba ya sake faɗin abu sai in yana ganin ba a ji shi ba, kuma yawan masu faɗin ma labari ne da kamfani ke samu kyauta. Wanda ya tara roƙon wuri ɗaya, ya ƙirga masu goyon baya, ya ba da amsa da dalilinta ko da a'a ce, shi ya kama hanya, kuma a cikin ukun nan Jagex ne ya fi yin daidai.