Sarkin Ƙofa Ya Ɓata Hanya

Saura kwana tara a miƙa kundin digiri, wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe ya ɗauri aniyar sauya wa tsohuwar kwamfutarsa babbar manhaja. Dalilinsa kuwa ba na wasa ba ne, domin tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ita kuma na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwa. Sai ya zaɓi Ubuntu, wadda aka gina bisa Linux, watau abin da Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kowa kuma na da iznin ɗauka ya gyara. Lokacin ne dai bai zaɓa da kyau ba.

Ya girka ta daga filashi, gefe guda da Windows. Da ya sake kunnawa, sai jerin zaɓi ya fito, babu Windows a ciki. A can kuwa kundin yake, da muryoyin tsofaffi goma sha ɗaya da ya bi ƙauyuka ya ɗauko suna waƙoƙin daka, biyu daga cikinsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Hankalinsa ya tashi, ya koma ta filashin ya share ɓangaren Ubuntu, wai ko Windows ta dawo. Garin gyaran gira sai ya rasa ido: allo ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai kalmomi biyu, grub rescue.

Abin da bai sani ba shi ne, na'ura ba ta faɗawa cikin babbar manhaja kai tsaye. Akwai wata 'yar manhaja, GRUB, mai aikin sarkin ƙofa, ita ke nuna wa baƙo ɗakin da zai shiga. Ƙofofin kuma iri biyu ne: tsohuwa ta BIOS, mai dogaro da bayit 512 na farkon faifan ajiya, da sabuwa ta UEFI. Windows ta sabuwar ƙofa aka shigar da ita, shi kuwa ya juya na'urar zuwa tsohuwa domin filashi ta tashi, saboda haka sarkin ƙofa bai ko san da zamanta ba. Sharewar da ya yi kuma ta rushe ɗakin da GRUB ke ajiye kayan aikinsa.

Wajen asuba wani maƙwabcinsa ɗan sashen lissafi ya leƙo. Bai taɓa komai ba sai da ya tashi na'urar daga filashi, ya buɗe faifan. Ga kundi, ga muryoyi, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya ce, "Malam, kwashe kayanka tukuna, sa'an nan mu yi maganar gyara." Da aka kwashe, ya mayar da na'urar kan UEFI, Windows ta tashi kamar ba a yi ba.

Ubuntu kuwa sai bayan an miƙa kundi ya sake girka ta, wannan karon ta sabuwar ƙofa.