A Gindin Randar Iya

Ranar da saƙon ya iso, na tsaya a tashar Kwangila ta Zariya tun hantsi har bayan la'asar ina jiran direban da ya ɗauko shi daga Legas. Da ya miƙo mini, sai na ga ɗan kwali ne da bai fi tafin hannu biyu ba, an ɗaure shi tam, an huda masa ƙananan ƙofofi. Direban ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya tambaye ni ko magani ne. Na ce masa e, domin ban ga ta inda zan fara gaya wa mutumin da ya kwana biyu a hanya cewa ƙwari shida ya yi wa dako ba. A motar da ta kawo ni gida Nasarawan Doya, a cinyata na ɗora kwalin, na lulluɓe shi da hulata saboda rana. Naira 60,000 na biya. A lokacin, wato ƙarshen shekarar 2023, alawus ɗin mai bautar ƙasa Naira 33,000 ne a wata, don haka abin da ke kan cinyata ya kusa cinye guminna na wata biyu.

Ilimin dabbobi na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a can na fara jin sunan aisofod, a matsayin layi biyu cikin littafin da ake haddacewa don jarrabawa. Sai da na je bautar ƙasa a Kuros Riba, inda ruwan sama ke kwana yana zuba, dare ya yi mini tsawo, waya ta zama abokiyar hira, sannan na gano cewa akwai mutane a Amurka da Turai da Japan da ke kiwon waɗannan halittu kamar yadda muke kiwon tattabarai. Suna yi musu gida, suna ƙirga su, suna musayar iri. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda suke kira Rubber Ducky, wato agwagwar roba, saboda fuskarsa rawaya ce mai ɗan baki kamar na ɗan agwagwa. Daga kogunan dutse na ƙasar Tailan ake samo shi, irin duwatsun farar ƙasa da ake yin siminti da su. Tsawonsa bai fi farcen babban yatsa ba. In ka taɓa shi sai ya dunƙule ya zama kamar ƙwayar gujiya.

Bahaushe zai kira shi ƙwaro, amma a wajen masana ba dangin fara ko tururuwa ba ne. Danginsa na cikin ruwa: ƙaguwa da jatan lande. Ƙafafunsa goma sha huɗu. Kakanninsa sun baro ruwa tun zamani mai nisa, sai dai ba su baro shi gaba ɗaya ba, domin har yau da wasu 'yan faifai masu laushi da ke ƙarƙashin bayansa yake numfashi, kuma sai suna da danshi suke aiki. Macen takan ɗauki ƙwanta a cikin wata jaka mai ruwa a cikinta har su ƙyanƙyashe, kamar dai ta ɗebo ɗan teku ta taho da shi tudu. 'Ya'yan sukan fito farare da ƙafa goma sha biyu, sai sun yi saɓa sauran biyun ke tsirowa. Saɓar ma ba a lokaci ɗaya suke yinta ba: rabin baya ya fara zarewa, bayan kwana ɗaya ko biyu rabin gaba ya biyo. Abincinsu busasshen ganye da ruɓaɓɓen itace. Duk wannan na san shi kafin in biya kuɗin, kuma na ɗauka sanin ya wadatar.

A gida, kakata, wadda muke kira Iya, ita ta fara leƙa kwalin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Maigida, ashe kishiyoyi ka je ka ɗauko mini har shida? To wallahi ba zan raba kwana da su ba." Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya yi shiru irin shirun da ya fi faɗa ciwo. Can ya ce, "Da akuya ka saya, ko ciwo ya kama ta ma yanka." Shekarar nan taki ya yi tsada, kuma ni ne ɗan da aka sayar da rake aka biya wa kuɗin makaranta. Ban da amsa, sai na fake da cewa za su hayayyafa in riƙa sayarwa. Ni kaina ban san wanda zai saya ba tsakanin Makarfi da Ikara.

Na yi musu gida yadda na gani a wajen Turawa. Na sami robar ajiye abinci mai murfi, na zuba ƙasa mai taushi, na shimfiɗa busasshen ganyen mangwaro da na tafasa na shanya, na sa ɓawon itace don su ɓuya, na daka ɓawon ƙwai na barbaɗa saboda sinadarin kalsiyam da suke gina sulkensu da shi. Na hana a kunna maganin sauro a ɗakina, na roƙi Umma kada ta kuskura ta kawo fiya-fiya kusa da ƙofar. Sannan na huda robar ta ko'ina, domin duk wanda na saurara yana jaddada cewa iska ta riƙa shiga. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, wace iska? Masu ba da shawarar suna zaune ne a ƙasashen da iskarsu ke ɗauke da laima. Ni kuwa Disamba ta kama, hunturu ya sauko, lokacin da danshin iska a ƙasarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, wanki ya bushe kafin ka gama shanya. Baƙina kuma sun fito ne daga kogon da bangonsa ke tsattsafo.

Lokacin ya zo daidai da saran rake. Ƙasar Makarfi an san ta da rake da mazarƙwaila, kuma a gidanmu ba a tambayar mai digiri ko zai je fadama. Adda kawai ake miƙa masa. Muka yi kwana uku a can, muna sara da rana, da dare muna gadi kusa da wutar masu dafa mazarƙwaila. Kafin in tafi na fesa wa robar ruwa sosai, na ce ai ya isa. Ban gaya wa kowa ya duba ba, saboda kunya. Ina jin nauyin in ce wa ƙanena ya shayar mini da ƙwari.

Da na dawo, ƙasar cikin robar ta zama gari. Ganyen yana ƙara in an taɓa. Na ɗaga ɓawon itacen, na tarar da huɗu a dunƙule, na taɓa su ba su buɗe ba. Ba su da nauyi ko kaɗan, kamar ƙaiƙayi. Biyun da suka rage sun tona har ƙasan robar sun maƙale a lungu ɗaya mai sauran sanyi.

Na zaci Baba zai yi maganar kuɗi, har na shirya haƙuri. Ya zo ya tsuguna, ya sa tabaraunsa, ya kalli gawarwakin a tafin hannuna. Ya ce, "Ƙishirwa ce ta kashe su?" Na ce e. Ya ce, "Su suka ce ka kawo su?" Na yi shiru. Ya ce, "Kuɗi naka ne, ka ƙona su ma in ka ga dama. Amma abin da ke da rai, ran da ka rufe shi a inda ba zai iya nema wa kansa ba, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Ba ka ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ta ba ta abinci ba?" Na sha jin hadisin tun ina makarantar allo. Ban taɓa kawowa a raina cewa zai iya sauka a kan abin da bai kai ƙwayar gujiya nauyi ba. Mutumin da ya raina sayen, shi ne ya fi ni ɗaukar mutuwar da girma, kuma wannan ya fi asarar dubu arba'in zafi a wurina.

Iya tana jin mu daga ƙofar ɗakinta. Ta ce in kawo mata sauran biyun. Na bi ta har lungun da randarta take, randar da na sha ruwanta tun ina rarrafe, wadda ke zaune a kan yashi a inuwa. Ta ce in karkata ta kaɗan. Da na karkata, sai ga su nan a kan jiƙaƙƙen yashin, sun fi talatin, masu launin toka, suna watsewa da gudu saboda haske. Na ƙirga ƙafafun wanda na kama: goma sha huɗu. Iya ta ce, "Ga 'yan uwansu nan. Tun aka kawo ni gidan nan nake shayar da su, ban taɓa biyan ko kwabo ba." Shekara huɗu na yi ina karatun dabbobi, na haye har Tailan ta cikin waya, ban taɓa karkata randar kakata ba.

Ita ta tsara sabon gidan. Ta sa aka ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ta daina girki da ita, muka mayar da ƙasar da ganyen ciki, ta kafa ta a kan yashin gindin randar, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce roba ba ta numfashi, tukunya kuwa tana yi. A harshen aji, abin da take nufi shi ne jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke ratsawa a hankali, don haka cikinta ba ya bushewa kuma ba ya tara ruwa. Kullum da asuba in ta ɗebi ruwan alwala, sai ta tsiyaya ragowar moɗar a kan tsumman.

Da bazara ta zo, sai matsalar ta koma zafi, domin 'yan kogo ba su saba da ranar Afrilu ba. A nan ne karatuna ya ɗan yi amfani. Na tuna da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana tashi yana tafiya da zafin, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Na sayo babbar tukunya a kasuwar Makarfi muka yi hakan. Iya ta ce ita ba ta ga abin ba da lamba a nan ba, amma ta yarda cikin ya fi sanyi.

Biyun suka rayu. Na yi ta jiran 'ya'ya har damina ta sauka, ban ga ko ɗaya ba. Wata rana na aro madubin ƙara girma, na kifar da su ɗaya bayan ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar auduga na duba ƙarƙashinsu. Dukansu maza ne. Maganar hayayyafa da sayarwa ta mutu a nan. Ba zan iya mayar da su Tailan ba. Ba zan sake su a bayan gida ba, domin ba ƙasarsu ba ce, kuma hunturu ɗaya zai gama da su. Abin da ya rage shi ne in ci gaba da ba su ganye da ruwa har iya kwanakinsu, wanda a irinsu yakan kai shekara biyu ko uku.

Tun daga nan sha'awar sayen wasu ta fita daga raina, kuma ba don kuɗi kawai ba. Na lura cewa irin nan da na saya, har lokacin da na biya kuɗinsa masana ba su gama ba shi cikakken suna na kimiyya ba. Kasuwa ce ta riga su raɗa masa suna. Halittar da ke rayuwa a 'yan koguna ƙalilan, in duniya ta yi mata caa da sha'awa, mai tonowa ba zai tsaya ƙirga abin da ya bari ba. Ban ce kiwon haramun ne ba, kuma da yawa daga masu yinsa a gida suke hayayyafar da nasu. Amma ni na san huɗun da suka bushe a robata an ɗauko asalinsu daga wani wuri da ba su taɓa sanin ƙishirwa ba.

Na gindin randa kuwa na sayi littafi na musamman dominsu. Ina rubuta adadinsu duk Juma'a, da yadda suke raguwa in hunturu ya tsananta, da inda suke komawa. Na bi gidajen maƙwabta ina neman izinin karkata randa, har yara suka sa mini suna Malam Mai Ƙwari. A gidajen da suka koma ajiye ruwa a robobi da kuloli a kan siminti, ban sami ko ɗaya ba.

A watan jiya na sami aikin koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya. Ɗakin da na kama siminti ne, ba yashi, ba randa, kuma maƙwabcina yana kunna maganin sauro kowane dare. Na kwana biyu ina juya maganar kafin in je wurin Iya. Ban gama bayani ba ta katse ni. Ta ce, "Ka tafi abinka, Maigida. Kishiyar da aka zauna da ita shekara guda ai ta zama 'yar gida." Baba yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi, bai ɗago ba, ya ce, "Ka bar mata ganyen da zai kai su wata, tafasasshe. Kuma ka nuna wa ƙanenka yadda ake yi, don ƙafarta na damunta da sanyin asuba."

Na tafasa ganyen a daren, na shanya a kan tabarma. Da safe na kira ƙanena gindin randa, na ɗaga tsumman, na ce ya miƙo hannu.