Saiwa a Gaɓar Nilu

Da yammacin wata rana, bayan na taso daga darasi a Azhar, na shiga kwalekwale zuwa tsibirin Dahab da ke tsakiyar Kogin Nilu, inda na tarar da wani dattijo ya tuge masara yana duba saiwarta. Sai na lura cewa a gefen da taki ya taru saiwoyi sun yi cincirindo kamar gezar doki, alhali ɗaya gefen 'yan silili ne ƙalilan. Haƙiƙa shuka ba ta almubazzaranci da ƙarfinta, inda naitirojin yake can take miƙa saiwa, domin ruwa na saurin wanke shi, maƙwabciyarta kuma ba ta jira.

Tun da aka kammala madatsar Aswan a 1970 ta tsare lakar da ambaliya ke kawowa, manomin Masar ya ƙara dogara da takin zamani, ga kuma ciyawar barsim, wadda, kamar waken da muke shukawa tsakanin gero a Kano, take ajiye naitirojin a ƙasa. Na komo Alƙahira da magariba ina tasbihi ga Mai azurta saiwa cikin duhu.